Zauren Shari'a: Amsar wasiƙunku kan Habré, Darak da Hadijatu Mani

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan wata kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato manyan shari'o'in da aka yi a kotunan nesa da abin da suka bari a gidajenmu. Na zaɓi huɗu. Masu tambaya kan gado da rikicin fili su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.

TAMBAYA, daga wata malamar makaranta a Njamena:

Baba Magatakarda, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da aka ɗauke mijinta cikin dare a zamanin Hissène Habré, har yau ko kabarinsa ba ta gani ba. An ce an yi shari'a a Senegal, an yanke diyya. Shi Habré ya rasu, ita kuma tana nan tana suyar ƙosai a ƙofar gida. Don Allah Baba, me wannan shari'a ta tsinana wa irinta?

AMSA:

'Yata, ina amsawa. Ki gaishe mini da ita, ki ce Allah Ya jiƙan maigidanta. Da mai ɗacin zan fara, don kada ki ce na yi miki kewaye-kewaye.

Maganar kuɗi kina da gaskiya. Ranar 27 ga Afrilu 2017 kotun ɗaukaka ƙara a Dakar ta tabbatar wa Habré ɗaurin rai da rai, ta ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa miliyar 82 da ɗoriya. Kason da aka yanka shi ne miliyan 20 ga matar da aka yi wa fyaɗe, miliyan 15 ga wanda aka tsare ko aka azabtar, miliyan 10 ga iyalan wanda aka kashe ko ya ɓata. Amma abin da hannu ya kai gare shi na dukiyar mutumin bai wuce gida ɗaya a Dakar da asusun banki biyu ba, asusun da Tarayyar Afirka ta yi alkawarin tara kuɗin a ciki kuma ya yi ta jan ƙafa. Can Njamena ma, tsallaken kogi daga inda nake zaune, kotu ta ɗaure mutum 20 cikin tsofaffin jami'an hukumar DDS, 'yan sandan siyasa na Habré, ranar 25 ga Maris 2015, har da Saleh Younous da Mahamat Djibrine wanda ake kira El-Djonto. Ta ce a biya miliyar 75, rabi daga gwamnati rabi daga waɗanda aka ɗaure, a gina wurin tunawa da mamatan, a mai da tsohon ginin DDS gidan tarihi. Sai a 2024 gwamnati ta fitar da miliyar 10, da aka raba kuwa kowa bai kai ga miliyan ɗaya ba. Da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jira. Wannan abin takaici ne, ba kuma zan shafa masa mai ba.

Amma na yi rayuwata ina riƙe da alƙalami a gefen alƙali, kuma na lura mai ƙara yakan shigo da buƙata biyu. Ɗaya haƙƙinsa. Ɗayar, wadda ba ya furtawa, ita ce wani mai iko ya faɗa a bainar jama'a cewa ba ƙarya yake yi ba. Na sha ganin wanda aka ba kuɗinsa ya fita yana huci don ba a ce yana da gaskiya ba. A wannan buƙata ta biyu, mutanen Chadi sun samu abin da ba a saba samu ba a nahiyar nan.

Ki duba yadda abin ya faro. Habré ya yi mulkin Chadi daga 1982 zuwa ƙarshen 1990, ya tsallako Kamaru, daga nan ya wuce Senegal ya zauna cikin mutunci da rufin asiri. Hukumar bincike ta 1992 ta ƙiyasta an kashe mutum kusan 40,000, amma rahoton ya kwanta a durowa. Wanda ya hana maganar mutuwa wani akawu ne na Hukumar Tafkin Chadi, Souleymane Guengueng, wanda ya yi sama da shekara biyu a kurkukun DDS, ya ɗauki alkawari tsakaninsa da Allah cewa in ya fita da rai sai ya nemi gaskiya. Da ya fita ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana rubuta suna, da ranar kamu, da irin azaba, da hoto, har ya tara bayanan mutum 792 ya ɓoye a gida. Da aka kama tsohon shugaban Chile, Pinochet, a Landan a 1998, sai Guengueng da sauran waɗanda aka zalunta suka ga ashe tsohon shugaba ma hannu yana kai wa gare shi. A farkon 2000 suka shigar da ƙara a Dakar, alƙali ya tuhumi Habré, sai manyan kotunan Senegal suka ce ba su da hurumin laifin da aka yi a wata ƙasa. Da wasu ne da nan sun sallama. Lauyarsu Jacqueline Moudeina aka jefa wa gurneti a Njamena a 2001, ta warke ta koma bakin aiki.

A wannan shekarar ta 2001 ne aka shiga tsohon ginin DDS aka tarar da takardu zube a ƙasa, ƙura ta rufe su. Mutanen da suka yi aikin azabar su da kansu suke rubuta komai, suna aika wa shugaba rahoto. A cikin takardun an sami sunan mutum 1,208 da suka mutu, da 12,321 da aka tsare ko aka zalunta. A ciki ne aka sami labarin Rose Lokissim, wadda take rubuta sunayen fursunoni a ɓoye tana fitarwa ga iyalansu, aka kashe ta a 1986. Masu yi mata tambayoyi sun rubuta da hannunsu cewa ta ce ko ta mutu ba ta nadama, Chadi za ta gode mata, tarihi zai yi maganarta. Duk sa'ad da na tuna wannan takarda sai jikina ya yi sanyi, domin wanda ya rubuta ta yana ganin tuhuma yake rubutawa.

Daga nan sai Beljiyam ta nemi a miƙa mata Habré a 2005, Tarayyar Afirka ta ce Senegal ta yi masa shari'a da sunan Afirka a 2006, aka yi ta jeka-ka-dawo. Abin da ya karya ƙashin bayan jinkirin shi ne hukuncin Kotun Duniya da ke Heg na 20 ga Yuli 2012: ƙasar da ta sa hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa, in wanda ake zargi yana cikinta, ko dai ta gurfanar da shi ba da ɓata lokaci ba, ko ta miƙa shi. Kotun ta kuma ce kowace ƙasa da ke cikin yarjejeniyar tana da bakin neman a cika wannan, ko da ba ɗan ƙasarta aka taɓa ba. Wannan ƙofa ce Gambiya ta bi a 2019 ta kai Myanmar ƙara kan Musulmin Rohingya, alhali tsakaninsu akwai tekuna.

An fara zaman shari'ar a Dakar ranar 20 ga Yuli 2015. Habré ya ce bai san kotun ba, sai da aka ɗauko shi da ƙarfi, ya zauna da farin rawani da baƙin tabarau, bakinsa gum. Shaidu 93 suka yi magana. Clément Abaifouta ya faɗi yadda aka sa shi binne 'yan uwansa fursunoni. Matan da aka kai sansanin soja na Wadi Dum cikin hamada suka faɗi abin da mace ba ta iya faɗa ko a gaban uwarta. Khadidja Hassan Zidane ta dube shi ta ce shi da kansa ya yi mata fyaɗe. Kotun ɗaukaka ƙara ta cire wannan tuhuma ɗaya saboda ba ta cikin takardar tuhuma ta farko, amma ba ta ƙaryata matar ba. Masanin rubutun hannu ya tabbatar da rubutun Habré a gefen wata takarda inda ya ba da umarni kada fursunan yaƙi ya bar gidan tsaro sai dai gawarsa. Ranar 30 ga Mayu 2016 alƙali Gberdao Gustave Kam, ɗan Burkina Faso, ya karanta hukunci. Shi ne karo na farko da kotun wata ƙasa ta hukunta tsohon shugaban wata ƙasa kan irin waɗannan laifuka, kuma alƙalan Afirka ne suka yi, a ƙasar Afirka. Habré ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021 yana ɗaurarre.

To 'yata, kafin 2016 in maƙwabciyarki ta ce an ɗauke mijinta, ana iya ce mata siyasa ce, ko ya gudu ne, ko ta rufe baki. Yau akwai hukunci rubutacce da ya ce an yi, ga wanda ya ba da umarni, ga yadda aka tsara. Wannan ba ya sayen gero, na sani. Amma diyyar nan bashi ce a kan waɗanda kotu ta ɗora wa, bashin da kotu ta tabbatar kuwa ba ya ruɓewa don an yi jinkiri. Ki raka ta wurin ƙungiyar waɗanda aka zalunta a nan Njamena a duba ko sunan mijinta yana cikin jerin. In tana da hotonsa, ko katinsa, ko takardar aure, a yi kwafi a ajiye na asali a gida.

TAMBAYA, daga wani mai fataucin banda a yankin Darak, a Tafkin Chadi:

Malam, iyayenmu sun zo nan suna bin ruwa, mun tashi muna biyan haraji ga Najeriya, rana ɗaya aka ce nan Kamaru ce. Ta yaya alƙalan da ba su taɓa shiga kwalekwale a tafkin nan ba za su raba mana ƙasa? Kuma mu yanzu 'yan ina ne?

AMSA:

Alhaji, Allah Ya ba da kasuwa. Tambayarka ta farko na sha jin ta a bakin mutanen Blangwa da Makari, kuma ba ta rashin hankali ba ce.

Kamaru ce ta kai ƙara Kotun Duniya a watan Maris 1994, da farko kan Bakassi, daga baya ta haɗa da dukan iyakar tun daga tafki har teku. Aka yanke hukunci ranar 10 ga Oktoba 2002. Mutane sun fi riƙe Bakassi saboda man fetur, suna mantawa hukuncin ya taɓa ƙofar gidanku. Tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya janye ƙwarai da farin shekarun 1970 da 1980. Masunta da manoma suka bi ruwa gabas, hukuma ta bi mutanenta da makaranta da asibiti da 'yan sanda da mai karɓar haraji. Hujjar Najeriya ke nan a kotu: mutanenmu ne a wurin, mu muke mulki, an daɗe ana haka. Kamaru kuwa takardu ta ajiye: sanarwar Turawan mulkin mallaka Milner da Simon ta 1919, da ta Thomson da Marchand, da wasiƙun da Ingila da Faransa suka yi musaya a 1931, waɗanda suka ja layi daga cikin tafki zuwa bakin kogin Ebeji, wanda muke kira El-Beid. Kotu ta ce inda akwai takardar mallaka, zama a wuri ba ya rushe ta, sai in mai takardar ya yarda ya bari, kuma ta ga Kamaru ba ta bari ba. Bakassi ma haka, da yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 11 ga Maris 1913 aka yi hukunci. A tsakiyar iyakar kuwa akwai wuraren da Najeriya ce ta samu.

Ka ga ke nan ba sai sun shiga kwalekwale ba, don ba ruwa suka auna ba, takarda suka karanta. Ko hakan adalci ne? Ni ina ganin layin da Turawa suka ja bai san Bahaushe ko Kotoko ko Shuwa ba, ya raba wa da ƙane. Amma shugabannin Afirka da kansu suka amince a Alƙahira a 1964 cewa a bar iyakoki yadda aka gada, don in aka ce kowa ya bi inda danginsa suke, babu ƙasar da za ta kwana lafiya. An yi harbe-harbe a Bakassi kafin hukuncin, an rasa rayuka. Bayan hukuncin, a Disamba 2003 Najeriya ta janye daga ƙauyuka sama da 30 na yankinku ba tare da yaƙi ba, Obasanjo da Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Greentree ranar 12 ga Yuni 2006, aka kammala miƙa Bakassi ranar 14 ga Agusta 2008. Duk wanda ya ga abin da bindiga ta yi wa yankin tafki a shekarun baya-bayan nan ya san darajar rikicin da aka kashe da alƙalami.

Tambayarka ta biyu ta fi damuna. Kotu ƙasa ta raba, ba ta canza wa kowa ƙasar haihuwa ba. Ta dai rubuta alkawarin da Kamaru ta yi na kare 'yan Najeriya mazauna Bakassi da yankin tafki. Dokar zama ɗan Kamaru ta 1968 ta fi duba uba da uwa fiye da wurin da aka yanke cibiya, don haka amsar tana ga asalin iyayenka da abin da za ka iya nunawa. Haɗarin da nake gani shi ne yaro ya tashi ba shi da takardar nan, ba shi da ta can, ya zo jarrabawar ƙarshen firamare a ce babu takardar haihuwa. In wa'adin rajista ya wuce, akwai hukuncin alƙali da ke tsayawa a madadinta. Ka je da bulama da shaidu waɗanda suka san haihuwar, kada ka bari sai yaro ya yi gemu.

TAMBAYA, daga wani ɗalibi a Marwa:

Baba, Kotun Duniya ba ta da soja ba ta da jandarma. Akwai ƙasa mai ƙarfi da ta taɓa bin hukuncinta kan mai rauni?

AMSA:

Akwai, ɗana, kuma kusa da kai. Libiya ta mamaye zirin Auzu a arewacin Chadi tun 1973, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 114,000, aka yi yaƙi a kai har 1987. Ƙasashen biyu suka yarda su je kotu. Libiya ta jingina da yarjejeniyar Faransa da Italiya ta 1935 wadda ba ta taɓa fara aiki ba, Chadi ta kawo yarjejeniyar da Libiya da kanta ta sa wa hannu da Faransa a 1955. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 alƙalai 16 cikin 17 suka ba Chadi gaskiya, kafin ƙarshen Mayu na shekarar sojojin Gaddafi sun fice a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka lura dai, sai da ɓangarorin suka gaji da yaƙi kuma suka yarda tun farko za su bi abin da aka yanke. Akwai kuma ranar da kotun ta ƙi yin hukunci: a 1963, da Kamaru ta kai Ingila ƙara kan yadda yankin su Mubi ya koma Najeriya bayan ƙuri'ar 1961, ta ce ko ta yanke babu abin da zai canza.

TAMBAYA, daga wata uwa a Garwa:

Malam, a unguwarmu an kawo wata yarinya ƙarama gidan wani mai hali. Ba a ɗaura aure ba, ba sadaki, aikin gida duk ita ce, ba ta fita. An ce kuɗi aka ba wanda ya kawo ta. Na ji an ce wata mata a Nijar ta taɓa kai gwamnati ƙara kan irin wannan ta ci. Gaskiya ne? Mu ma za mu iya?

AMSA:

Hajiya, Allah Ya saka miki da ba ki kau da kai ba. Gaskiya ne. Sunanta Hadijatu Mani, daga yankin Birnin Ƙonni. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita kan jika 240, wato sefa dubu 240, ga wani mai mata huɗu, ta zama abin da ake kira wahayya: ba matar aure ba, ga aikin gona da na gida, ga kwana da maigida ba da sonta ba. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci amma ya ce ai matarsa ce, ba za ta tafi ba. Da ta auri wanda take so sai aka yanke mata wata shida kan aure bisa aure, har ta yi zaman kurkuku. Da taimakon ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ta kai ƙasar Nijar gaban kotun CEDEAO, wadda mutanen Najeriya ke kira ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta ce bauta ce aka yi mata, kuma laifin gwamnati shi ne alƙalanta sun ga bauta a gabansu ba su hana ba, alhali dokar ƙasar ta haramta ta tun 2003. Aka ce a biya ta sefa miliyan 10, Nijar kuma ta biya. A 2014 kotu a Ƙonni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu kan ajiye wahayya.

Abin da ya fi girma a hukuncin nan shi ne alƙali ba zai fake da al'ada ya ce ba ruwansa ba. Kada kuma wani ya rufe miki baki da sunan addini. 'Ya mai 'yanci ba ta zama baiwa don an miƙa kuɗi, ki tambayi duk malamin da kika yarda da iliminsa.

Sai dai hanyar da Hadijatu ta bi ba tamu ba ce. Kamaru da Chadi ba sa cikin CEDEAO, kotun Afirka da ke Arusha kuma ba su ba talaka izinin shigar da ƙara kai tsaye a can ba. Amma ba ki bukatar zuwa nesa. Dokar hukunta laifuka ta Kamaru ta 2016 ta haramta bautar da mutum da fataucinsa, sashe na 356 kuma ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan auren dole, ya haɗa da mai aurar da wadda ba ta kai 18 ba. Chadi ma tun 2015 ta sa 18 a matsayin shekarun aure.

Kada ki tunkari maigidan da kanki, kada kuma maganar ta zaga unguwa, don in ya ji ƙishin-ƙishin zai iya ɗauke yarinyar cikin dare. Ki nemi sanin sunanta, da garinsu, da wanda ya kawo ta, da lokacin da aka kawo ta, ki rubuta. Ki kai wa ofishin kula da jin daɗin jama'a na gundumarku, ko ki rubuta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati a kotun Garwa, ki riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In akwai wata mace a unguwar da ta ga abin da kika gani kuma za ta iya tsayawa ta faɗa, ku tafi tare.